Ina Waje a Kan Benci

Ranar da aka yi zaman nan a ƙarƙashin rumfar ƙaramin asibitin unguwarmu, ranar wata Laraba ce da hantsi, kuma ga waɗanda suke wurin. Akwai Mai Unguwa a kan kujerar roba mai hannu. Akwai Alhaji Garba mai sayar da tayoyi, shi ne shugaban kwamitin asibitin. Akwai Malama Hadiza, wadda asibitin yake hannunta, da Malam Isa mai yankan kati, ranar shi aka ba biro da littafi don ya rubuta abin da aka faɗa. Akwai wata Hajiya Binta da ta zo daga ƙungiyar masu bin haƙƙin marasa lafiya, ita ce ta matsa sai an yi zaman. Akwai maƙwabciyata Maman Chidi, 'yar kudu mai shago a bakin layinmu, da autata Bilki, wadda nake faɗa wa wannan yanzu tana rubutawa. Sai masu ciki da masu goyo da tsofaffi masu hawan jini, sun cika benci uku. Sai ni, Ladi, a ƙarshen bencin baya, da ƙulli a gefen mayafina.

Wanda ya kamata a ce yana wurin, shi ne ba ya nan. Wata huɗu ke nan da binne shi.

Ɗan farina ne. Mu a garinmu, can ƙasar Sumaila, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna cewa nata ne. Ina yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In ya faɗi ya fasa gwiwa ina kallo ta kafar zana, sai dai in ce wa wata, "Je ki ɗaga yaron can." Ba wanda ya tilasta min. Haka na ga uwata ta yi wa yayanmu. Har aka san ni da abin, a ce Ladi akwai kunya, Ladi akwai kara. Kuma ina jin daɗin yabon nan, ba zan ɓoye muku ba.

Da ya girma ya shigo Kano, ya yi dako, ya yi yaron mota, har Allah ya ba shi adaidaita sahu tasa ta kansa. Da mahaifinsu ya rasu, shi ya je ya kwaso ni da Bilki ya kawo mu gidan da yake haya a Gyaɗi-Gyaɗi. Kullum in ya dawo daga masallaci da asuba sai ya tsuguna a bakin ƙofata. "Inna, ina kwana?" In ce "Lafiya," fuskata tana kallon bango. Ya ajiye ƙosai da goro ɗaya a kan wata 'yar kujerar katako da ya sayo min a kasuwar Tarauni, ya tashi. Shekara tara muna haka. In ina da magana da shi sai in ce wa matarsa Rabi, "Ki gaya wa mai gidan naki ɗakina yana yoyo," alhali yana tsaye a tsakar gida yana ji. Shi kuma don tsokana sai ya ce, "Rabi, ki gaya wa Inna an ji."

Amma don ban kalle shi ido da ido ba, kada ku ɗauka ba na ganinsa. Cikin adaidaita goma na san kukan tasa tun daga kan kwana. In ya ci tuwo na san lomar da ya rage. Ni ce na fara ganin ɓawon ƙwayoyin ciwon baya a cikin shara, tun azumin bara. Kullum biyu da safe, biyu da yamma, daga kemis ɗin bakin titi, don zaman adaidaita yana cin bayan mutum. Na ce wa Rabi ta gaya masa ƙwayar ta yi yawa. Ta gaya masa. Ya ce ta gaya min in ya daina, wa zai tuƙa?

Ciwon ya fito fili ne da damina, bayan Rabi ta haihu. Haihuwar ta zo mata da wahala, don haka ana gama suna uwarta ta tafi da ita Darmanawa wanka. Gidan ya zama daga ni sai shi sai Bilki, ita kuma tana fita koyarwa islamiyya. Girki da wanki suka dawo hannuna.

Makon farko, na ga fuskarsa da safe ta yi fam, idanun kamar wanda ya kwana yana kuka. Zuwa azahar sai ta saɓe. Magudanar banɗakinmu ta gaban ƙofata take wucewa, sai na ga in ya fito ruwan yana tafe da kumfa kamar an zuba omo. Sannan butar da nake cika masa da safe, sai in same ta da yamma ba a taɓa rabinta ba. Mutumin da yake kewayawa sau biyar, ya koma sau biyu. Na riƙe ranar a raina: kwana biyu bayan suna.

Mako na biyu, ya ajiye takalminsa sau-ciki ya koma silifas. Bai ce wa kowa komai ba. Ni na ga shatin igiyar silifas ɗin ya nutse a ƙafarsa. Na ce wa Bilki, "Ki gaya wa yayanki ya je asibiti." Ya je shi kaɗai, ya dawo da maganin zazzaɓi, ya ce sun ce jininsa ya ɗan hau, ya rage gishiri. Na rage gishiri a miya. Bai ƙara komai ba sai rashin cin abinci.

Mako na uku, shaƙuwa ta kama shi, ga ƙaiƙayi, yana susa har da bakin cokali. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba. Na yafa mayafi na ce wa Bilki ta gaya masa tare za mu koma asibitin. Kafin mu fita na tattara ɓawon ƙwayoyin nan na kwana bakwai da na tsince daga shara, na ƙulle a gefen mayafi. Nufina in kwance a gaban mai magani in ce ga abin da yake sha, ga kumfa, ga buta, ga ƙafa. Duk na jera su a kaina a hanya, ina bayan adaidaitarsa ina kallon ƙeyarsa.

Mun isa ana ta yayyafi. Layi tun daga tagar kati har bakin rumfa. Muka zauna tun hantsi har aka kusa kiran azahar, shi a ɓangaren maza, ni a na mata. Da aka kira shi na tashi na bi bayansa. Malama Hadiza tana bakin ƙofa, ta gaji, gumi har wuya, ga mata suna ta leƙe. Ta tare ni da hannu, ba da faɗa ba.

"Mama, ke ce mahaifiyarsa?"

Mata sun kai ashirin a bencin nan, duk suka juyo. Shi ma ya juyo.

Na ce, "Ɗan gidanmu ne."

Bakina ne ya faɗa kafin in yi tunani. Shekara arba'in da ɗaya ke nan haka nake amsa wannan tambayar.

Ta ce, "To Mama, ki ɗan jira a waje, ɗakin ba fili." Ta rufo ƙofa.

Na koma na zauna a kan benci, hannuna a kan ƙullin. Ƙofar ba ta rufuwa sosai, ina jin su. Ta ce, "Malam, yaya jikin?" Ya ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi, bayan ne kawai yake damuna." Wane ɗan mutunci ne za a ce masa yaya jiki ya ce ba sauƙi? Har wasa ya yi mata, wai ta rubuta masa hutu ya kai wa fasinjojinsa. Ta yi dariya. Ta ɗaura masa abin awon jini, ta ce har yanzu a sama yake, ta ƙara masa ƙwayar hawan jini. Don ya ce baya, ta rubuta masa maganin ciwon baya. Ƙafar tana cikin dogon wando, fuskar kuma ta riga ta saɓe. Kafin in gama shawarar ko in tura ƙofar, ya fito.

A gida na duba maganin bayan da aka ba shi. Ba na karatu, amma na san kala, na san girma. Irin wanda ke cikin ƙullina ne sak. Ya haɗa da na kemis yana sha.

Mako na huɗu na 'yan dubiya ne. Ƙanin mahaifinsa, Baba Sule, ya zo daga gida ya ce ciwon shawara ne ya shige ciki, ya kawo saiwoyi a jiƙa da jar kanwa. Wata gwaggonsa ta ce jifa ne, wai ya taka wani abu a tasha, a nemo rubutu da turare. Abokan sana'arsa suka ce basir ne na zaman mota, suka aiko da wani baƙin ruwa a jarka. Kowa da maganinsa, kuma kowa da kyakkyawar niyya ya zo, Allah ya saka musu. Shi kuwa ba ya iya ƙin abin da babba ya miƙo masa, duk ya sha. Maman Chidi ce kaɗai ta shigo ta danna masa ƙafa da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta ja ni gefe.

"Mama, wannan ba zazzaɓi ba ne. Mijina haka ya yi. Ku tafi babban asibiti a ɗebi jini, yau-yau."

Na ce mata Baba Sule ya ce a ba jiƙon kwana bakwai.

Ta ce, "Baba Sule ne ya haife shi?"

Na ji haushinta ranar. Kwana biyu ban saya komai a shagonta ba.

Mako na biyar, ranar Litinin da safe, ya tsuguna a ƙofata ya ce "Inna, ina kwana," sai ya kasa tashi. Ƙosan ya zube. Ya yi amai, numfashi yana fita da ƙyar. Abokansa biyu suka cicciɓe shi, muka nufi babban asibiti, ni da Bilki da Baba Sule.

A can wani likita matashi, siriri mai gilashi, ya duba shi ya fara tambaya. Tun yaushe ƙafar ta kumbura? Baba Sule ya ce shekaranjiya ne. Yana shan wani magani? Bilki ta ce na hawan jini. Tun yaushe fitsarinsa ya ragu? Duk suka kalli juna.

Daga bayansu na ce, "Yau kwana talatin da huɗu. Kuma da kumfa yake fita. Ƙafar kwana ashirin da shida. Shaƙuwa sha tara. Ga abin da yake sha tun azumin bara." Na kwance ƙullin a kan gadon.

Likitan ya ɗauki ɓawon ya juya. Ya cire gilashinsa ya dube ni.

"Mama, ke ina kike tun tuni?"

Na ce, "Ina waje a kan benci."

Maganar likitoci da yawa ta wuce ta kaina a watannin nan, amma wannan tambayar ta zauna. Da ita nake kwana, da ita nake tashi.

Suka ce ƙoda ce, duka biyun sun gaji. Hawan jini ya daɗe yana cin su, ƙwayar ta ƙarasa. Na tambayi likitan ta bakin Bilki: da an sani tun ranar bencin nan, da ya tashi? Bai yi min ƙarya ba. Ya ce Allah ne masani, ciwon ya riga ya yi nisa, amma da an tsayar da ƙwayar da jiƙe-jiƙen, da an samu lokaci. Lokaci nawa, bai sani ba. Na san kwanan kowa a rubuce yake, ban taɓa jayayya da wannan ba. Amma shirun da na yi, nawa ne.

Aka fara wankin ƙoda, sau biyu a mako. Abu ne mai cin dukiya, ba na talaka ba. Mako na farko abokan sana'arsa suka yi karo-karo. Na biyu aka sayar da tumakin da ya bari a gida. Na uku aka sayar da adaidaitar. Ranar da mai sayen ya tayar da ita a ƙofar gida, na ji kukanta yana nisa har ya ɓace a kan kwana, na shiga ɗaki na daɗe ban fito ba. Masu aikin asibitin nan, wasunsu Allah ya yi musu albarka. Akwai wata mai shara da take ajiye min wuri kusa da ƙofa. Akwai kuma wanda in ka yi masa tambaya sai ya amsa wa takarda, bai ɗago ya ga fuskarka ba.

Rabi ta dawo da jariri a hannu, ba ta iya jinya, don haka ni ce a kansa. Ni nake juya shi, ni nake auna ruwan da aka ce kada ya wuce, a wani ɗan kofin silba. Da yamma in ɗauko kujerar nan tawa in zauna a ƙarshen katifarsa, in ɗora ƙafafunsa a cinyata ina shafa musu man zaitun. Rabona da taɓa jikinsa tun ranar da na yaye shi. A ƙasan gwiwarsa ta hagu na ga tabon faɗuwar nan da na ce wata ta je ta ɗaga shi. Na daɗe da yatsana a wurin.

Ya ce, "Ashe hannun Inna da laushi. Mu dai labari muke ji."

Na ci gaba da shafa man.

Wata ranar Lahadi da la'asar, jikin ya ɗan yi daɗi, har ya zauna ya jingina da bango. Bilki tana ba shi kunu, Rabi tana gefe tana ba jariri nono. Sai ya ce, "Inna, wai don Allah kin san sunana kuwa? Ko mantawa kika yi kike fakewa da kunya?"

Suka kwashe da dariya. Ni ma na kusa yi.

Na ce, "Bilki, ki gaya masa ya sha kununsa."

Ya ce, "Bilki, ki gaya mata ina jira."

Sunan yana bakina. Wallahi yana kan harshena. Na ce a raina bari sai mun zama mu biyu, ba a gaban suruka ba. Litinin aka kai shi wanki ya dawo a galabaice. Talata ya kwana ya wuni yana barci. Laraba tsakanin azahar da la'asar ya cika, ƙafafunsa a cinyata. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi.

Ranar sadakar uku Malama Hadiza ta zo gaisuwa da ƙafarta. Ban zaci haka ba. Ta tsuguna a gabana ta ce, "Mama, ashe ke ce. Da na sani da ban bar ki a waje ba." Ta yi kuka. Na ce mata ni na ce ba ni ba ce. Ban riƙe ta a raina ba, kuma ban wanke ta tas ba. Mutum ya zo maka sau biyu jini a sama, ka ce ya ɗaga ƙafar wando mana.

Bayan wata huɗu Maman Chidi ta shigo ta ce an kira zama a asibitin unguwa, wai ana so marasa lafiya da masu jinya su faɗi yadda za a gyara aiki. Na ce ba ni zuwa, me tsohuwa za ta ce a gaban maza? Ta ce, "Haka kika ce wancan karon." Ta san inda za ta taɓa ni, matar nan. Na ɗauko mayafin. Ƙullin yana nan, don da likitan ya gama dubawa na kwashe abina na mayar.

To, mun dawo ranar Larabar da na fara da ita.

Alhaji Garba ya buɗe da addu'a, ya yi dogon bayani a kan katanga da ta tsage, da fenti, da injin wuta. Wani ya ce a ƙara rumfa. Wani ya ce a sa akwati a bakin ƙofa, mai ƙorafi ya rubuta ya jefa. Duk aka ce madalla. Hajiya Binta ta ce, "Alhaji, duk wannan da kyau, amma tun ɗazu masu kujera ne suke magana. Mun zo jin ta bakin masu benci." Mata suka sunkuyar da kai, kowa tana gyara goyo.

Na miƙe.

Na ce, "Akwatin nan da za ku sa, wa zai rubuta min? Rabin matan da ke bencin nan irina ne. Ku bar akwati tukuna."

Na je gaban teburin na kwance ƙullin, ɓawon ƙwayoyin suka zube a kan littafin Malam Isa. Na ba su labarin tun daga kumfa har zuwa ƙofar da aka rufo. Alhaji Garba ya duba agogo ya ce, "Mama, a ɗan taƙaita." Na ce, "Alhaji, kai ka yi rabin sa'a a kan fenti ba wanda ya ce ka taƙaita." Mata suka yi dariya a cikin mayafi. Mai Unguwa ya ce a bar ni.

Na ce musu abu uku nake so. Na ɗaya, a daina tsayawa a kan "yaya jiki." Ba wanda aka yi wa tarbiyya da zai ce ba sauƙi. A tambayi mutum me ya ci, sau nawa ya kewaya, me yake sha wanda ba ku kuka ba shi ba, kuma a duba da ido. Na biyu, a daina tambayar mace ko ita ce uwa, ko ita ce mata. Akwai waɗanda bakinsu ba zai iya amsa wannan a gaban jama'a ba. A ce: wa yake kula da shi a gida? Wa yake kwashe kwanonsa, wa yake cika masa buta? Wannan shi ya san ciwon. Na uku, a ajiye wa mai jinya wurin zama a cikin ɗakin, don wanda aka bari a tsaye ya san ana so ya fita ne.

Wata yarinya mai ciki ta ɗaga hannu daga benci na biyu. Ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, amma ni in uwar mijina ta shiga, ba abin da zan iya faɗa. Gara in koma gida da ciwona."

Na dube ta. Na so in ce mata yaran yanzu ba ku da ta ido, sai na tuna Rabi, na tuna akwai abin da ba za ta taɓa faɗa a gabana ba. Na ce, "Gaskiyarki." Maman Chidi ta ce to a fara tambayar mara lafiyan shi kaɗai, in ya yarda a kira mai jinyar, in bai yarda ba a ji ta bakinsu ɗaya bayan ɗaya. Malama Hadiza ta ce ita kaɗai ce a kan mutane fiye da abin da za ta iya, wannan zai ƙara tsawon layi. Wani tsoho mai hawan jini ya ce, "Mun yarda mu jira. Da ma jiran muke yi." Malama Hadiza ta ce za ta gwada. Sai dai kujera biyu ce tak a ɗakin, tata da ta mara lafiya. Alhaji Garba ya ce kwamiti zai duba maganar kujera a zama na gaba. Hajiya Binta ta ce a sa mata biyu daga cikin masu benci a kwamitin, ba a matsayin baƙi ba. Aka yi ta ja, a ƙarshe aka sa Maman Chidi da ni. Ban nema ba, ban kuma ƙi ba.

Ana shirin tashi sai Malam Isa ya ɗago daga littafinsa. Ya ce, "Mama, don a rubuta daidai. Marigayin, me sunansa, kuma mene ne tsakaninku?"

Bilki ta buɗe baki za ta amsa. Na riƙe hannunta.

Mutane sun fi na ranar bencin yawa. Ga Mai Unguwa, ga maza.

Na ce, "Auwalu."

Ban taɓa jin sunan da muryata ba. Ashe gajere ne haka. Ashe ba abin da zai faɗo daga sama.

Na ce, "Auwalu sunansa. Ɗana ne. Ni na haife shi."

Malam Isa ya rubuta. Na tattara ɓawon ƙwayoyina zan ƙulle, Malama Hadiza ta ce in bar mata su, za ta ajiye a kan teburinta tana nuna wa direbobi. Na bar mata. Muka taho gida a ƙafa, gefen mayafin ba nauyi, ina ta laluba wurin.

Ku da kuke jinya, ku ji daga bakin wadda ta yi kuskuren. Abin da idonku ya gani a gida, babu na'urar da za ta gani. In an ce ku jira a waje, ku ce kuna da magana. Kuma in akwai wanda yake jiran wata kalma daga bakinku, kada ku ce sai kun zama ku biyu.

Washegari da na idar da sallar asuba na zauna ina kallon bakin ƙofa, inda yake tsugunawa. Kujerar tana nan, da shatin man ƙosai na shekara tara a kanta. Na wanke ta da toka, shatin bai fita ba, na ji daɗi da bai fita ba. Na ɗora ta a ka na fito. A bakin titi abokan sana'arsa suka taso, "Inna, kawo mu kai ki." Na shiga adaidaitar wani da ake kira Ɗanliti, ya ƙi karɓar ko sisi.

Na sami Malama Hadiza tana buɗe ɗaki. Na ce, "Kwamiti ya duba tasa a zama na gaba. Ga wannan kafin nan." Na ajiye ta a gefen kujerar mara lafiya. Ta shiga daidai, kamar don wurin aka sassaƙa ta.

Na fito na zauna a kan bencin nan, a daidai inda na zauna ranar. Mutum na huɗu da aka kira wani magidanci ne mai tari, da furfura a gemu. Wata tsohuwa sa'ata tana biye da shi nesa-nesa, ba ta kallonsa, idonta yana kan ƙafafunsa. Na gane uwarsa ce tun daga ƙofar asibiti. Ya shiga, aka ɗan jima, sai Malama Hadiza ta leƙo ta ce, "Wa yake kula da shi a gida? Ya ce a kira ta."

Tsohuwar ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen mayafi.

Na matsa kusa da ita na taɓa gwiwarta. Na ce, "Tashi ki shiga, 'yar uwa, akwai kujera. Bar kunyar a nan, zan tsare miki ita har ki fito."

Ta dube ni, ta dubi ƙofar. Ta cire takalmanta ta ajiye a gabana, ta shiga.